Allurar Fijo da Haƙƙin Habibu

Akwai maganar da kuka taso kuna ji a gidan nan, kuna maimaita ta kuna dariya, wai Baffanku Habibu ya taɓa ƙona mini injin mota saboda sakaci. A bakina kuka ji ta, shi ya sa ba wanda ya taɓa yin tambaya a cikinku. Ranar sunan da aka yi a gidan 'yar'uwarku Maryam na ji jikata, yarinyar da ko famfara ba ta yi ba, tana kiransa Baffa Ƙona-Inji, shi kuma yana murmushi yana miƙa mata alewa. Wallahi ranar ban iya cin tuwon sunan ba. To ku zauna ku karanta wannan da kyau, ku karanta wa 'ya'yanku. Maganar nan ƙarya ce, kuma ni ubanku ni na dasa ta.

Abin ya faru ne a shekarar da aka rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri. Na riga na ba ku labarin yadda muka wayi gari muka tarar da kwaɗo a ƙofa, ba sai na sake ba. Da ɗan abin da aka sallame mu da shi na sayi wata tsohuwar Fijo mai dogon baya a hannun wani dattijo mutumin Filato da ya yi ritaya, na sa ta hanyar Kaduna zuwa Kachia. Fara ce, ko in ce ta taɓa zama fara. Ku sani ni ba direba ba ne na asali. Da furfurata ta fara fitowa na koyi tuƙi, kuma har na daina ban iya shiga tsakanin motoci biyu da baya ba sai an tsaya ana yi mini “zo, zo, ya isa”. Direban gidanmu Habibu ne, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na girma da shekara goma sha ɗaya. Shi a tasha ya tashi. Idan mota ta wuce a titi yana iya gaya maka abin da ke damunta daga ƙararta kawai. Lokacin yana zaune da iyalinsa a ɗakin da ke kusa da zaure a gidanmu na Kakuri, ba shi da motar kansa, sai muka riƙa karɓa-karɓa, in yi kwana biyu ya yi kwana biyu.

A gaban direba, bayan sitiyari, akwai ɗan agogon da ke nuna zafin inji. Allura ce guda, hagu shuɗi, dama ja. Tun ranar da na sayi motar nan allurar take kwance a bakin shuɗin, ko ka hau tudu da mutum tara da buhunan citta ba ta ɗagawa sai ɗan kaɗan. Ni kuwa abin alfaharina ke nan. A tasha in ana hira sai in ce motata ba ta san zafi ba, in kira mutane su leƙa su gani. A wancan lokacin duk abin da muka yarda da shi ke nan: inji mai sanyi shi ne mai lafiya. Akwai wani ɗan ƙarfe mai kama da murfin buta da ake kira tamostat, wanda ke tsare ruwa har inji ya ɗumama kafin ya sake shi ya zagaya lagireto, wato tankin da ke sanyaya ruwan. Kowa cire shi yake yi ya jefar, wai na ƙasar Turawa ne masu ƙanƙara, mu nan me za mu yi da shi. Tawa ma an daɗe da cire mata.

Bakanikena Oga Cletus ne, Inyamiri mai gareji a unguwar Television, gindin wata dalbejiya. Gajere ne mai sanƙo, ya yi shekaru a Kaduna har Hausarsa ta fi ta wasunmu karin magana. Tun ina masaƙa muka saba, don shi ke gyara motar shugaban sashenmu, ni ake aike. Wata rana na kai masa motar ya wanke mini lagireto. Na iso ke nan daga Kachia, ya buɗe bonet, ya ɗora hannu a kan tiyon sama ya yi maza ya janye, sannan ya zagaya ya leƙa agogon. Ya daɗe yana kallo.

“Malam Sa'idu, agogon nan naka maƙaryaci ne,” in ji shi. “Tiyo na ƙona hannu, shi yana cewa sanyi.”

Na ce, “Kai dai wanke lagireto na kawo ka yi.”

Ya ce, “Zan wanke. Amma bar mini ita zuwa gobe, abeg.”

Washegari na ɗauki mota. Ya gaya mini ya canja sensa, wato ɗan kan tagullar da ake ɗaurawa a jikin inji, wanda ke jin zafin ruwa ya aika wa allura, ya kuma mayar da tamostat. Ban ma saurare shi sosai ba, lodi ke jirana. Ban kai Sabon Tasha ba na ga abin da ban taɓa gani ba: allura ta tashi tana tafiya, ta zo tsakiya cif ta tsaya. Innalillahi! Na gangara gefen titi na kashe mota, fasinja na ta surutu, wata mata mai kwandon kifi tana cewa in ba ta kuɗinta. Na juye su a wata motar, na lallaɓa na koma Television ina huci, tun daga bakin titi nake ɗaga murya.

“Oga, na kawo maka mota lafiya lau ka sa mata zazzaɓi!”

Bai ko tashi daga kan bencin da yake cin rogo ba. Ya ce, “Ina allurar ta tsaya?”

“Tsakiya!”

“To nan ne gidanta. Inji sai da zafi yake aiki, Malam. Zafin ruwansa yakan kai digiri tamanin zuwa casa'in, kaɗan ya rage ya tafasa, haka waɗanda suka ƙera shi suke so. In ya yi sanyi da yawa mai yake sha, yana cin kansa a hankali. Tsakiya lafiya, ja ne matsala. Da can ma da zafin take, ba a gaya maka ba ne kawai.”

Na ce shekara nawa motar nan tana tafiya allurarta a kwance ba abin da ya same ta, sai yau da ya taɓa ta. Na ce ya mayar mini da kayana yadda ya same su. Ya ajiye rogon, ya shiga cikin shago, ya fito da tsohon sensan a ƙulle cikin tsumma ya danƙa mini.

“Ga kayanka. Amma ba da hannuna ba. Ni ba na ɗaura wa mutum ƙarya a gaban idonsa.”

Na karɓa na tafi ko sallama babu. A bakin hanya na sami wani bakanike, cikin rabin awa ya mayar da tsohon, ya zare tamostat ya wurga cikin kwata, yana ta ba ni gaskiya. Na tayar da mota, allura ta koma ta kwanta, na ji sanyi har cikin raina. Da na ba da labari a gida da yamma ina cika baki, Habibu ya ce a hankali, “Yaya, ni fa ina ganin Oga Cletus na da gaskiya. Na daɗe ban yarda da agogon nan ba.” Na ce masa ranar da ya sayi tasa motar sai ya yarda da wanda ya ga dama. Mamanku ta harare ni ta gefen ido, na yi kamar ban gani ba.

A cikin watan ne Allah ya kawo wa Habibu abin da ya daɗe yana nema. Wani kamfanin sufuri a wajen Rido, masu ɗaukar ma'aikata zuwa matatar mai, suna neman direban bas. Aiki ne na albashi, da yunifom, da asibiti. Ya je an gwada shi, a cikin mutum da yawa shi aka zaɓa. Abu ɗaya ya rage: takardar shaida, wadda sai wanda ya taɓa ba shi mota ya sa hannu cewa direba ne mai kula, mai amana. Ni kaɗai ne wannan mutumin, domin sauran waɗanda ya yi wa tuƙi a tasha duk na wucin gadi ne. Ya kawo mini takardar ranar Lahadi, za a mayar ranar Juma'a kafin a tashi daga ofis. Na ce ya ajiye, zan sa hannu in na nutsu. Har da tsokanarsa na yi, na ce wato zai gudu ya bar ni da ribas.

Ranar Litinin shi ne da mota. Ya kai Kachia lafiya, ya ɗauko lodi ya juyo da tsakar rana. Abin da muka gano daga baya shi ne tiyon ƙasa ya tsage, ruwa ya yi ta zuba a titi ba wanda ya sani. Yana gab da Maraban Rido ya ji ƙarar inji ta canja, kafin ya sauka daga kwalta har ta yi wani irin ƙara ta mutu, hayaƙi ya turnuƙe. Inji ya buga. Da la'asar sakaliya aka jawo ta da igiya har ƙofar gida, yaran unguwa na biye. Ina zaune a tsakar gida ya shigo, rigarsa duk baƙin mai, idonsa ja. Mamanku na tankaɗe, matarsa na bakin rijiya, ku kuna wasa a gindin gwanda. Kowa na nan.

Na ce, “Ba ka kallon allura ne?”

Ya ce, “Ina kallo, Yaya. Ba ta motsa ba.”

“Inji ya yi zafin da zai buga, allura ba ta motsa ba?”

“Wallahi tallahi tana nan inda take kullum. Ko minti biyu ba a yi ba da na duba ta.”

Da na tsaya nan da ya fi mini. Amma ina ganin abincin gidana gaba ɗaya a ƙofa an jawo shi da igiya, kuma can ƙasan zuciyata wani abu ya fara motsi wanda ba na so in saurara. Sai na ƙara murya don in danne shi. Na ce masa maƙaryaci. Na ce hira yake yi da fasinja, hankalinsa na kan bas ɗin Rido, ya ga zai sami babba ya wulaƙanta ƙarama. Na ce har da rantsuwa a kan ƙarya don ba ya tsoron Allah.

Mamanku ta ce, “Haba Malam, a gaban yara?”

Na ce ta tsaya a kan tankaɗenta. Na shiga ɗaki na ɗauko takardar na ɗaga ta sama kowa ya gani.

“Mutumin da bai iya kallon allura ɗaya ba, shi zan sa hannu a ba shi rayukan mutane cike da bas? Ba da ni ba.”

Ya dube ni, ya dubi matarsa, ya shige ɗakinsa. Magana zarar bunu ce, na zare ta a gaban gida duka.

Ranar Laraba dole ta sa na ja motar zuwa Television, don duk kudancin Kaduna ba wanda zan iya ba wa injin Fijo ya sauke in ba Oga Cletus ba. Na yi zaton zai yi mini gori. Bai yi ba. Ya saurari labarin, ya buɗe bonet, ya ga tsohon sensan a wurinsa, ya girgiza kai kawai. Sai ya kunce shi, ya ɗauko risho da wani gwangwanin madara babba, ya zuba ruwa ya ɗora. Ya jona wa sensan waya daga motar, ya tsoma shi a gwangwanin, ya murɗa makulli ya ce in shiga in zauna in kalli agogo. Ina zaune ina jin ruwa ya fara ƙara, ya tafasa har yana fantsalowa a kan rishon. Allura ta ɗan ɗaga daga shuɗin kamar faɗin farce, ta tsaya. Ya ciro shi, ya nemo wani sabo a shago ya jona ya tsoma a ruwan nan dai. Kafin in ƙifta ido sau uku allura ta wuce tsakiya ta doshi ja.

Ya leƙo ta taga yana goge hannu. “Ka gani? Wannan ya tsufa, ya kurmance. Kuma in ruwa ya tsiyaye duka, ko mai lafiya ba lallai ya faɗa maka a kan lokaci ba, balle shi. Ko kai ke tuƙi haka za ta faru, ko ni. Ƙanenka bai yi ƙarya ba, Malam Sa'idu.”

Na kasa fitowa daga motar. Ya ce, “Na ji labarin takarda. Yau Laraba. Je ka sa masa hannu.”

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Abin da na yi ranar Litinin fushi ne da rashin sani, kowa na iya yi. Abin da na yi daga Laraba zuwa Juma'a shi ne laifina, kuma da sanina na yi shi. Na taho gida da niyyar in kira shi. Ina shiga zaure na ji muryoyinku, na tuna a gaban wa na ɗaga takardar nan. Idan na ce Habibu bai yi ƙarya ba, sai an tambaya to waye ya mayar da mataccen sensa, waye aka gargaɗa har sau biyu ya ƙi ji. Sai in tsaya a tsakar gidana in ce ni ne na ƙona motar da taurin kaina, na kuma zagi ƙanena a banza. Na ce bari sai an ci abinci. Aka ci, na ce sai da safe. Mamanku ta same ni a ɗaki tana ninke kaya.

Ta ce, “Malam, me Oga Cletus ya ce?”

Na ce, “Ya ce inji ya buga.”

“Shi ke nan abin da ya ce?”

“Shi ke nan.”

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ci gaba da ninkinta. Allah ya jiƙanta, har ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake tambayata ba, kuma ban taɓa jin ta kira shi da sunan nan ba ko da wasa.

Alhamis ta wuce. Ranar Juma'a tare muka taka zuwa masallaci ni da shi, kafaɗa da kafaɗa muka yi sahu. Takardar na cikin aljihun babbar rigata, da biro, na rantse muku da Allah. A hanyar dawowa ya rage tafiya kamar mai jiran wani abu, ni kuma na tsaya gaisawa da mutanen da ko sunansu ban sani ba, har ya gaji ya wuce. Da aka kira la'asar na san an rufe ofis. Abin kunyar shi ne har wani sauƙi na ji.

Aka ba wani aikin. Labari kuwa ya riga ya zaga tasha cewa Habibu ya ƙona motar yayansa, kuma yayan da kansa ya ƙi tsaya masa. Wa zai ba shi makulli bayan wannan? Kafin damina ta ƙare ya kwashe iyalinsa ya ƙetare gada ya kama haya a Tudun Wada. Ya koma acaɓa, mutumin da ke jin ciwon inji da kunne. Ya yi shekaru a kan babur cikin rana da ruwa har gwiwoyinsa suka gaza, sannan ya buɗe 'yar tiredar da kuka san shi da ita. Ni na gyara Fijo na ƙara shekara huɗu da ita, da sabon sensa da tamostat, allura a tsakiya, ina kallonta kullum. Garejin Oga Cletus na daina zuwa bayan ya gama aikin, don ba na iya haɗa ido da shi, har na ji ya tattara ya koma garinsu. Shi kuwa Habibu bai taɓa yanke zumunci ba. Kowace Sallah shi ke fara zuwa gaishe ni, ya durƙusa da gwiwoyin nan nasa. Shi ya yi ta zirga-zirgar asibiti lokacin ciwon Mamanku. Da wani a cikinku ya fara tsokanarsa da Ƙona-Inji, na ji da kunnena, na yi dariya tare da ku. Girman kai rawanin tsiya, na naɗa shi fiye da shekara ashirin.

Kwana biyu bayan sunan nan na hau Keke na tafi Tudun Wada. Na same shi da hantsi yana jera sabulu a kan kanta. Ya yi mamaki, ya jawo mini benci, ya aika a kawo mini ruwa. Na ce ya bar ruwan ya zauna. Na gaya masa komai, tun daga risho da gwangwani har biron da ke aljihuna ranar Juma'a. Ban taɓa kuka a gabansa ba tun rasuwar mahaifinmu, amma ranar na yi, a bakin titi, masu wucewa na kallo. Na ce ya yafe mini in zai iya, in ba zai iya ba ma ban ga laifinsa ba. Ya bar ni na gama, yana jujjuya sabulu ɗaya a hannunsa.

Ya ce, “Na sani, Yaya.”

Na ce, “Ka san me?”

“Ranar Alhamis ɗin na je wurin Oga Cletus da kaina, don na fara shakkar idona. Ya dafa mini ruwan nan kamar yadda ya dafa maka. Ya ce ka gani jiya, in koma gida in jira, za ka kira ni.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Duk gaisuwar Sallar nan, duk dariyar nan, ashe yana kallona ya san na sani. Na ce, “Habibu, don girman Allah, me ya hana ka magana? Ko a ranar, ko bayan nan?”

Ya mayar da sabulun kan kanta, ya daidaita shi da 'yan'uwansa.

Ya ce, “Yafiya kam na daɗe da yafewa. Amma da na faɗa, da na mayar da kai maƙaryaci a gaban 'ya'yanka. Ni kuwa na san yadda wannan yake, Yaya.”